Assar Gabrielsson (1891–1962)

An haifi Assar Gabrielsson a ƙasar Suwidin a shekarar 1891. Bayan ya karanci ilimin tattalin arziki, ya kama aiki a kamfanin SKF. A shekarar 1924 ne shi da injiniya Gustaf Larson suka ƙuduri aniyar ƙera motar da za ta jure wa munanan hanyoyin ƙasarsu. Da SKF ya yi ɗari-ɗari da zuba jari, sai Gabrielsson ya yi kasada da dukiyarsa, aka ƙera motoci 10 na gwaji. Daga nan kamfanin Volvo ya samo asali. Motarsa ta farko ta fito a shekarar 1927, ta ɗaukar kaya kuwa a 1928. Gabrielsson ya shugabanci kamfanin har zuwa 1956, ya mutu a 1962.