Ahmadu Ahijo: Shugaban Kamaru Na Farko Da Kabarinsa Yake A Ƙasar Wasu

 

'Yan'uwa, ɗalibanmu da yawa an haife su bayan Alhaji Ahmadu Ahijo ya rasu. Abin da suka sani game da shi bai wuce abin da suke ji a majalisar dattawa ba, su kuwa dattawanmu na arewacin Kamaru in suka tashi zancensa yabo ne zalla. In ka gangara Bafusam ko ƙasar Basa kuma, za ka ji wani labarin dabam. An hana mu zagin matattu, gaskiya ne, domin sun riga sun tarar da abin da suka gabatar. Amma faɗin tarihin mai mulki yadda yake ba zagi ba ne, shi ya sa za mu kawo duka biyun.

An haife shi a Garwa a watan Agusta na 1924. Bafulatani ne, mahaifiyarsa ce ta rene shi, ba ɗan gidan sarauta mai ƙarfi ba ne, abin da ya sa wasu lamidai suka daɗe suna yi masa kallon raini. Ya yi makarantar allo, ya shiga boko har ya kai Yawunde, daga nan ya kama aikin gidan waya yana buga tangaraho. A 1947 aka zaɓe shi majalisar yanki. Bayan shekara goma ya zama mataimakin firaminista André-Marie Mbida, sai a watan Fabrairu na 1958 Mbida ya faɗi, Ahijo ya hau kujerar yana da shekara 33, da goyon bayan Faransa. Waɗanda suka ɗauka na riƙon ƙwarya ne sun yi kuskuren lissafi: Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, aka zaɓe shi shugaban ƙasa a watan Mayu, ya yi shekara 22 a kai.

Jarrabawarsa ta farko ta shafi maƙwabtanmu. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin da Ingila take riƙo. Kudancinsa ya zaɓi Kamaru, arewacinsa kuwa, ƙasar su Mubi da Ganye da Gwoza, ya zaɓi Nijeriya, inda Sardauna Ahmadu Bello ya tsaya tsayin daka a kan haka. Abin ya yi wa Ahijo ciwo ƙwarai, har ya sa aka yi zaman makoki a ƙasa, ya kai ƙara kotun duniya, ita kuma a 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan maganar. Duk da wannan, da yaƙin Biyafara ya ɓarke bai rama ba. Ya tsaya tare da gwamnatin tarayyar Nijeriya, alhali Faransa, wadda ta ɗaure masa gindi, tana taimakon 'yan aware. Wannan muna lissafa shi cikin hangen nesansa.

Aikin da ya bari ma ba a musunsa. A zamaninsa aka buɗe jami'ar Yawunde a 1962, layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, ƙasa tana ci da kanta, ga koko da kofi da auduga. Kamaru ta shiga ƙungiyar ƙasashen Musulmi, makarantun da suke haɗa Larabci da Faransanci suka sami gurbi, ɗalibanmu suka fara samun hanyar fita karatu ƙasashen Larabawa. Da aka fara haƙar mai a 1977 bai bari ƙasar ta yi watsi da noma ba, sai dai kuɗin man an ajiye su ne a wani asusu da ba ya cikin kasafin da majalisa take gani, kuma dukiyar jama'a ba a yi mata haka ko da niyyar mai ajiyar kyakkyawa ce.

Inda maganar take da nauyi shi ne jini. Jam'iyyar UPC, wadda ta fara neman 'yanci tun kafin kowa, an haramta ta, ta shiga daji. Sojan Faransa suka kashe jagoranta Ruben Um Nyobè a Satumban 1958, Ahijo yana firaminista. Wani ɗan leƙen asirin Faransa ya sa wa Félix Moumié guba a Janeba a 1960. An ƙona ƙauyuka a ƙasar Bamileke da ta Basa, har yau masana ba su daidaita a kan yawan waɗanda suka mutu ba, amma ba wanda ya ce kaɗan ne. A Fabrairun 1962 fursunoni 25 suka mutu saboda rashin iska a cikin taragon da aka kulle su daga Duwala zuwa Yawunde. A shekarar ce kuma aka kafa dokar hana zagon ƙasa, wadda da ita ake ɗaure mutum saboda magana kawai, a tura shi Chollire ko Mantum. A Janairun 1971 aka harbe Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafusam. Masu kare Ahijo suna cewa tawaye ya tarar, kuma 'yan tawayen ma sun kashe mutane. Haka ne. Sai dai shari'ar da muka karanta ta sa wa yaƙi da 'yan tawaye iyaka, ba ta halatta a kama ƙauye da laifin mutum ɗaya ba, ba ta halatta azabtar da fursuna ba.

Akwai wadda ta fi kusa da mu, ba ma kuma son jinta. Ƙabilun arewa waɗanda ba Musulmi ba suna ƙorafin cewa a lokacinsa samun sarauta ko muƙami yakan rataya ne a kan mutum ya musulunta ko ya sake suna. Musuluncin da aka karɓa don kujera ba ya zama, mun ga yadda wasu suka koma da mulkin ya juya, ƙullin da abin ya bari kuma mu ne muke fama da shi a fagen wa'azi.

A 1966 ya narkar da jam'iyyu suka zama ɗaya, a 1972 ya soke tsarin tarayyar da aka yi alkawarinsa da masu magana da Ingilishi. Rikicin da ake zub da jini a kansa yau a Bamenda da Buya yana da saiwa a nan.

Ranar 4 ga Nuwamba 1982 ya ba kowa mamaki, ya sanar da murabus, ya miƙa mulki ga firaministansa Paul Biya, Kirista daga kudu. Shugabannin Afirka da suka sauka da ƙafarsu a wancan zamani ba su cika yatsun hannu ba. Amma ya riƙe shugabancin jam'iyya, sarki biyu kuwa ba sa zama a gari ɗaya. Kafin shekara ta zagayo sun ɓata, ya bar ƙasar a 1983, a Fabrairun 1984 aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai. Ranar 6 ga Afrilu 1984 wasu dogaran fadar shugaban ƙasa, mafi yawansu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba. Aka kashe waɗanda aka kashe, aka ɗaure wasu, 'yan arewa da ba su san hawa ba su san sauka ba suka rasa ayyukansu. Irin kotunan da ya kafa ne suka yi masa shari'a shi da mutanensa.

Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Yof. A 1991 aka yi dokar da ta wanke sunansa, tare da su Um Nyobè da Ouandié, amma ba a dawo da gawarsa ba. Matarsa Germaine ta yi shekaru tana neman hukuma ta ɗauki nauyin mayar da shi gida, har ta rasu a 2021, aka binne ta kusa da shi. Ɗalibai sukan tambaye mu ko ya halatta a tono shi. Malamanmu na Malikiyya sun yarda a sauya wa mamaci kabari idan akwai maslaha, kamar a kai shi cikin danginsa, da sharaɗin ba za a keta alfarmarsa ba. Saboda haka ba fiƙihu ne ya tsare shi a Sanagal ba, siyasa ce. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka mutu a ƙarƙashin mulkinsa.