MUHAMMADU BELLO, SARKI MAI NEMAN MAGANI

Idan watan Disamba ya kama, iska takan taso daga gabas, ta biyo duwatsun Adar, ta shigo Tabotaki da ƙura. Hazo ya rufe rana. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. Da safe yara su kewaye wuta, wannan na tari, wancan na majina, wani idonsa ya yi ja. Wannan shi ne lokacin ɗari, ko hunturu. Tun kaka da kakanni mutane ke neman dabarar wuce shi lafiya. An yi wani sarki, ba nisa da ƙasar Adar, wanda ya ɗauki maganar lafiyar jiki da girma, har ya rubuta littattafai a kanta. Sunansa Muhammadu Bello.

Ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu Bello a shekara ta 1781. Ubansa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin jihar Tawa ta yau, a shekara ta 1754. Sunan uwarsa Hauwa. Bello ya tashi a Degel, wani ƙauye na malamai da almajirai cikin ƙasar Gobir. Ya yi karatu wurin ubansa da wurin ƙanen ubansa, Abdullahi. Ya koyi Alƙur'ani, da Larabci, da shari'a, da tarihi. Ya kuma shiga ilmin tibbi, wato ilmin sanin cututtuka da magungunansu.

A lokacin babu injin buga littafi a ƙasar Hausa. Wanda ke son littafi sai ya ara, ya zauna da alƙalami da tawada, ya kwafe shi da hannu. Takardar ma daga nesa raƙuma ke kawo ta, ta hanyar hamada. Haka Bello ya tara iliminsa.

Yaƙi da yunwa

A shekara ta 1804 rigima ta tashi tsakanin jama'ar Shehu da Yunfa, Sarkin Gobir. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka fara yaƙi. Bello yana saurayi, bai kai shekara ashirin da biyar ba, ya zama ɗaya daga cikin shugabannin mayaƙa. A ƙarshen wannan shekara, cikin ɗari, Gobirawa suka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa. Bayan haka abinci ya yanke. Yunwa da ciwo suka shiga cikin mutane, suka kashe da yawa waɗanda kibiya ba ta taɓa ba. Duk wannan a gaban idon Bello aka yi.

A 1808 jama'ar Shehu suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817, Bello ya gaje shi, ya zama Sarkin Musulmi. Yaƙi bai ƙare ba. Har kusan ƙarshen ransa yana gwabzawa da Gobirawa, da Katsinawan Maraɗi, da wasu Abzinawa. Amma ko cikin wannan hali bai ajiye alƙalami ba.

Tibbin da ya karanta

Littattafan tibbi na Larabci suna cewa abu huɗu ne ke aiki cikin jikin mutum: zafi, da sanyi, da danshi, da bushewa. Idan huɗun nan suka daidaita, mutum na da lafiya. Idan ɗaya ya rinjayi sauran, sai ciwo ya samu ƙofa. Masu wannan ilmi sun ce abinci ma haka yake, wani mai zafi ne, wani mai sanyi. Lokutan shekara su ma kowane da halinsa. Don haka abin da ya dace da jiki cikin bazara ba shi ne ya dace da shi cikin ɗari ba.

Sun kuma lissafa abu shida da mutum zai kula da su kullum: iskar da yake shaƙa, ci da sha, barci da farkawa, aiki da hutu, fitar da abin da jiki ba ya so, da kwanciyar rai. Wanda ya tsare waɗannan, in ji su, ya rage wa kansa neman magani. Hausawa ma sun ce riga-kafi ya fi magani.

Wannan ilmi ba na mutanen ƙasa ɗaya ba ne. Larabawa sun ɗauko wani daga Yunanawa, wani daga Farisa, wani daga Indiya. A birnin Bagadaza, fiye da shekara dubu da suka wuce, an juya littattafan masu maganin Indiya zuwa Larabci.

Mutanen Indiya suna kiran tsohon ilminsu na magani Ayurbeda, wato ilmin rayuwa. Sun raba shekara kashi shida, kowane wata biyu, kuma kashi biyu daga ciki na sanyi ne. Sun ce cikin sanyi wutar ciki takan yi ƙarfi, mutum ya riƙa jin yunwa. Saboda haka suka yi horo a ci abinci mai ɗumi, mai maiƙo, mai riƙe ciki, a sha madara. A shafe jiki da man riɗi, a yi wanka da ruwan ɗumi, a sha hantsi, a rufe jiki, a kauce wa iska mai sanyi.

Wanda ya san Adar zai ga abin bai yi nisa da na gida ba. A nan ma da ɗari uwa takan dama kunu mai zafi, ta sa masa citta da kanumfari. Takan shafa wa yara man shanu ko man kaɗe don kada fata ta tsage. Tsofaffi su fito su sha hantsi a jikin katanga. Ko sunayen magunguna suna nuna wannan tsohuwar hanya. Larabawa suna kiran tsamiya tamar hindi, ma'ana dabinon Indiya.

Littattafansa

Bello ya rubuta littattafai da yawa da Larabci. Wanda aka fi sani shi ne Infaƙul Maisuri, na tarihi, wanda ya gama a 1812. A wajen tibbi kuwa, ya duba cututtukan da ke damun mutanensa, ya bi su ɗaya ɗaya. Ya yi littafi a kan ciwon ido, ciwon da ke yawaita idan ƙura ta tashi. Ya yi wani a kan basur. Ya yi wani a kan filasko, ganyen nan da ake sha don wanke ciki. Filasko yana tsirowa a ƙasashen nan, har ayarin raƙuma kan ɗauke shi daga Abzin zuwa bakin teku a arewa, a sayar wa Turawa. Ya kuma tattara abin da aka ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da magani.

A wancan zamani mai magani yakan ɓoye saninsa. Ba ya faɗa wa kowa sai ɗansa, wani lokaci ma ya mutu da abinsa. Abin da aka rubuta kuwa ba ya mutuwa tare da mai shi. Malami a Katsina ko a Ƙonni yana iya kwafe shi, ya karanta, ya taimaki maras lafiya.

Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji, Sarkin Katsina, wani ɗan littafi a kan yadda ake riƙon jama'a. A ciki ya nuna masa cewa wajibi ne sarki ya kula da masu sana'a, ya sa su a kowane gari: manoma, da maƙera, da maɗinka, da marina, da mahauta, da masassaƙa. Cikin jerin nan ya sa masu magani. Ya kuma ce a riƙa tara abinci ana ajiyewa saboda ranar buƙata. A ganinsa, garin da babu mai magani kamar garin da babu maƙeri ne.

Baƙo daga Ingila

A ƙarshen shekara ta 1823 wasu Turawan Ingila biyu suka taso daga Barno suka nufo ƙasar Hausa. Ɗaya sunansa Kilafaton, ɗayan kuwa likita ne, sunansa Udni. A hanya ɗari ya same su. Wata safiya cikin Disamba suka tarar saman ruwan da ke cikin ƙwaryarsu ya daskare. Udni da ma yana fama da ciwon ƙirji. Ciwon ya tsananta, ya mutu kusa da Katagum cikin Janairu na 1824. Kilafaton ya ci gaba shi kaɗai, ya iso Sakkwato cikin Maris.

Bello ya karɓe shi da kyau, ya yi ta yi masa tambayoyi a kan ƙasarsu, da addininsu, da taurari. Da baƙon zai koma, Bello ya ba shi takarda zuwa ga Sarkin Ingila. Cikin abubuwan da ya nema har da likita, wanda zai zo ya zauna a ƙasarsa.

Kilafaton ya komo a 1826. Likitoci biyu sun taso tare da shi, amma babu wanda ya ga Sakkwato. Ɗaya ya mutu a hanya, ɗayan ya bi wata hanya dabam, ba a sake ganinsa ba. Abin da ya iso hannun Bello shi ne littattafan Larabci, cikinsu har da na lissafi na Uƙlidis, da na Ibn Sina, shahararren masanin tibbi da ya rasu a 1037. Kilafaton da kansa ya kwanta ciwo, ya mutu a Sakkwato cikin Afrilu na 1827. Likitan da Bello ya nema bai taɓa zuwa ba.

Rasuwarsa

A ƙarshen zamaninsa Bello ya fi zama a Wurno, garin da ya kafa don tsaron iyaka. A 1836 ya yi babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke. Bayan haka rashin lafiya ta kama shi. Ya rasu a Wurno cikin Oktoba na 1837, bayan ya yi shekara 20 yana sarauta. A can kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Abin da aka gano bayansa

A zamanin Bello ba a san ƙwayoyin cuta ba. Sai bayan rasuwarsa masana suka gano cewa mura, da ciwon haƙarƙari, da sanƙarau, wasu ƴan ƙananan halittu ne ke kawo su, waɗanda ido ba ya gani. Suna bin tari da atishawa daga wani zuwa wani. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana hanci da maƙogwaro, sai ƙwayoyin su samu hanya. Cunkoso cikin ɗaki rufe yana ƙara baza su. Shi ya sa sanƙarau ya fi tashi daga hunturu zuwa bazara. A 2010 aka fara yi wa mutanen Nijar wata sabuwar allurar riga-kafin sanƙarau, kuma irin da aka yi allurar dominsa ya ragu ƙwarai.

Wasu shawarwarin mutanen da suna nan da amfaninsu: abinci mai ɗumi, da isasshen barci, da rufe ƙirji da kunnuwa, da shafa mai. Wasu kuwa sai an yi hattara. Filasko idan ya yi yawa yakan sa zawo mai tsanani, kuma ba a ba yaro ƙarami. Kwana da garwashi cikin ɗaki rufe yana iya kisa, don hayaƙinsa guba ne. Yaron da ke numfashi da sauri, ko mai zazzaɓi da wuyansa ya sanƙare, kunu da citta ba su ishe shi ba. A kai shi likita nan da nan.

Akwai wani itace da Bello bai taɓa gani a ƙasarsa ba, don bayansa aka kawo shi. Shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. Asalinsa daga Indiya ne, kuma can yana cikin manyan itatuwan magani. Tun daga 1975 aka riƙa dasa shi layi layi cikin kwarin Majiya, kusa da Buza, don ya tare iska, kada ta kwashe ƙasar gona. Wanda ya ratsa kwarin da hunturu zai ji iskar ta lafa idan ya shiga tsakanin layukan.

Ma'anar kalmomi

Tibbi: ilmin sanin cututtuka da magungunansu.
Faso: tsagewar diddige saboda sanyi da bushewa.
Hantsi: rana ta safe, kafin ta yi zafi.
Filasko: ɗan tsiro mai ganyen da ake sha don wanke ciki.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Muhammadu Bello? Shekara nawa ya yi a duniya?
2. Me ya sami jama'ar Shehu bayan yaƙin Tsuntsuwa?
3. Ku lissafa abu shida da masu tibbi suka ce a kula da su.
4. Me mutanen Indiya ke yi da sanyi wanda ake yi a Adar?
5. Don me littafi ya fi sanin da aka ɓoye amfani?
6. Me Bello ya nema wurin Sarkin Ingila? Ya samu?
7. Wane ciwo ne ba a tsayawa yi masa magani a gida?

Aikin gida

Kowa ya tambayi wani tsoho ko tsohuwa abu uku da ake yi a da don tsare jiki daga ɗari. Ya rubuta su cikin littafinsa, ya zo da su aji.