Marthanda Varma: Sarkin Indiya da ya karya Turawan Holan a kan cinikin masoro

A shekarar 1729, lokacin da Marthanda Varma ya hau gadon sarautar Venad, ƙaramar masarauta a gaɓar tekun kudu maso yammacin Indiya, sunan sarki kawai ya gada. Baitulmali babu komai, sojoji ba su taka kara sun karya ba, kuma ainihin iko yana hannun wasu manyan gidaje takwas da ake kira Ettuveetil Pillamar.

An haife shi a 1706. A al'adar gidan sarautarsu, ɗan 'yar'uwar sarki ne ke gado, ba ɗan cikinsa ba, don haka shi ya gaji kawunsa Rama Varma. 'Ya'yan marigayin biyu suka ƙi yarda, manyan gidajen nan kuma suka mara musu baya.

Bai yi musu da wasa ba. An kashe 'ya'yan kawun nasa, aka hallaka shugabannin gidajen takwas, aka ƙwace dukiyarsu. Masu yabonsa kan yi saurin wuce wannan babi, amma a kansa aka gina ƙasar da daga baya ta shahara da sunan Travancore.

Da ya gama da na cikin gida sai ya juya arewa, yana cin ƙananan masarautun da ke bakin teku ɗaya bayan ɗaya. A nan ne ya taka sawun kamfanin kasuwancin Holan, wanda ya ƙulla yarjejeniyoyi da waɗannan sarakuna yana sayen masoronsu a kan farashi mai rahusa. Masoro a wancan zamani shi ne arzikin yankin, kuma duk masarautar da Marthanda Varma ya ci, kamfanin ya yi asarar kasuwa ke nan.

Turawan suka sauke sojoji a garin Colachel da ke bakin teku. A watan Agustan 1741 dakarun sarkin suka yi musu ƙawanya har suka miƙa wuya. Yaƙin ba wani babba ba ne idan aka duba yawan mayaƙa, amma abu ne da ba a saba gani ba a lokacin, a ce sarkin Indiya ya ci Turawa da yaƙi.

Cikin waɗanda suka faɗa hannunsa akwai wani hafsa mai suna Eustachius De Lannoy. Maimakon ya kashe shi, sai ya ba shi aiki. De Lannoy ya horar da sojojin Travancore irin horon Turai, ya gyara ganuwoyi, ya kuma kula da ƙera bindigogi a sansanin Udayagiri, inda kabarinsa yake har yau. Da wannan runduna, da kuma dabarun wazirinsa Ramayyan Dalawa, sarkin ya ci Kayamkulam da Ambalapuzha, ya matsa har kusa da Kochi.

A 1753 Turawan Holan suka sa hannu a yarjejeniyar Mavelikkara, suka amince ba za su sake tare masa hanya ba. Shi kuwa ya mayar da cinikin masoro hannun gwamnati kaɗai, da ribar yake biyan sojoji, yana gyara hanyoyi da madatsun ruwa. Wato abin da ya hana Turawa yi, shi ya koma yi da kansa.

Kafin wannan yarjejeniya, a watan Janairun 1750, ya yi abin da aka fi tunawa da shi. Ya je wurin bautar Padmanabhaswamy da ke Thiruvananthapuram ya sallama ƙasar baki ɗaya ga abin bautarsu na addinin Hindu, ya ce daga ranar shi bawa ne mai riƙon amana. Ko ibada ce ta sa shi ko siyasa, matakin ya yi masa rana, domin duk wanda ya yi wa sarki tawaye bayan nan, a idon jama'a abin bauta ya yi wa.

Ya rasu a 1758, ɗan 'yar'uwarsa Rama Varma ya gaje shi. Zuriyarsa ta ci gaba da mulki da wannan laƙabi na bawa har 1949, lokacin da aka haɗe Travancore da Kochi, yankin da akasarinsa ke cikin jihar Kerala a yau. A 2011 aka buɗe wasu ɗakunan ajiyar wurin bautar bisa umarnin Kotun Ƙolin Indiya, aka tarar da tarin zinare da duwatsu masu daraja.