B. Traven, Mawallafin Da Ya Ɓoye Kansa Har Kabari

Ran 26 ga watan Maris 1969 wani tsoho ya rasu a birnin Meziko. Maƙwabtansa sun san shi da suna Hal Croves, amma takardunsa na ɗan ƙasa Traven Torsvan suka ce. Sai bayan rasuwarsa matarsa, Rosa Elena Lujan, ta tabbatar wa 'yan jarida cewa shi ne B. Traven, mawallafin nan da suka yi shekara arba'in suna farauta.

Dalilin ɓuyansa ba kunya ba ce. Tun yana ƙasar Jamus, da suna Ret Marut, yana buga wata mujalla mai zafi a birnin Munik. Da aka murƙushe tawayen 'yan gurguzu a can cikin 1919 aka kama shi, ya sulale ya gudu. Ya yi zaman kurkuku a Landan saboda rashin cikakkun takardun baƙi, sa'an nan ya sauka Meziko a 1924. Wanda ya sha irin wannan, ba ya ƙara yarda da mai tambayar asalinsa. Littafinsa na 1926, Das Totenschiff, watau Jirgin Mutuwa, labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne wanda ya rasa takardunsa, kowace ƙasa ta kore shi.

Daga Meziko yake aika littattafansa Jamus ta akwatin gidan waya, ba hoto, ba tarihi. Ra'ayinsa shi ne a nemi mai rubutu cikin rubutunsa.

Da John Huston zai mai da wani littafinsa silima, wanda ya fito a 1948, sai ga wani siririn mutum ya zo wai shi Croves ne, wakilin Traven. Ya zauna wurin ɗaukar hoton yana ba da shawara, kowa na zarginsa, shi kuwa yana musu.

A wannan shekara wani ɗan jarida, Luis Spota, ya bi sawunsa har Akapulko, inda yake riƙe da wani ɗan masaukin baƙi, ya tona shi a mujalla. Tsohon ya ƙaryata. Abin da Spota ya yi ba halin kirki ba ne, gama wasiƙun mutumin ya leƙa. Amma fa Traven ma da laifinsa, don yawan canjin suna shi ya daɗa kwaɗaita wa mutane.

A 1978 masu binciken gidan BBC suka ce asalinsa Otto Feige ne, haifaffen 1882. An ƙone gawarsa, aka watsa tokar daga jirgin sama a dajin Chiapas, ƙasar Indiyawan daji waɗanda ya rubuta wahalarsu.