Nana A'isha: Uwar Muminai Da Ba Ta Haihu Ba

A garuruwanmu, da zarar mace ta shekara biyu a gidan miji ba ciki, sai gori ya fara, ana kiran ta juya. Ya kamata mu waiwayi rayuwar Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, 'yar Sayyidina Abubakar kuma matar Manzon Allah (SAW), wadda ta rayu a Madina har ta koma ga Allah ba ta bar ɗa ko 'ya ba.

An haife ta a Makka, ta tare a Madina bayan Hijira. A lokacin an baza jita-jitar wai an yi wa Musulmi sihiri don kada su haihu. Da yayarta Asma'u ta haifi Abdullahi bin Zubair, ɗan fari na Muhajirai a Madina, sai Musulmi suka yi ta kabbara. Da sunan wannan yaro Manzon Allah (SAW) ya yi wa A'isha alkunya, ake kiran ta Ummu Abdullahi.

Ta riƙi marayu, cikinsu har da Ƙasim, ɗan ƙanenta Muhammadu. Shi da Urwa bin Zubair sun yi karatu a gabanta, suka shiga sahun manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina. An ruwaito hadisai 2,210 ta hanyarta. Ta kuma san magani ƙwarai, domin ta koya daga Larabawan da ke zuwa suna bayyana magunguna lokacin da Manzon Allah (SAW) ke jinya. Ta rasu a watan Ramadan na shekarar 58 bayan Hijira, aka binne ta a Baƙi'a.

Tarihinta bai hana kowa neman magani ba. Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978 ta hanyar haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, likitoci ke ta bincike a kan rashin haihuwa. A 1980 Muftin Masar, Sheikh Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halaccin wannan hanya, daga baya majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta amince, bisa sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta, kuma da aure a tsakaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum 1 cikin 6 na fuskantar wannan matsala a rayuwarsa, kuma bincike ya nuna sau da yawa daga namiji take.

Don haka miji da mata su tafi asibiti tare, dangi kuma su kama bakinsu. Idan Allah bai ba da haihuwa ba, matar tana da abin koyi a wurin wadda duk Musulmin duniya ke kira uwa. Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, amin.