Tarihin Marigayi Lorenzo Tio, Mabushin Da Ya Bar Almajirai

Jama'a, duk wanda ya taso a Keffi ko Kano ko Zariya ya san ƙarar algaita a ƙofar fada ranar hawan Sallah. To, Turawa ma suna da wani abin busa mai kama da ita, sunansa kilarinet. Da baƙin katako ake yinsa, yana da maɓallan ƙarfe a jikinsa, kuma harshen kara guda ne a bakinsa, ita kuwa algaita biyu gare ta. Yau za mu kawo muku tarihin wani gwanin wannan busa, don mu ga abin da ake auna gwani da shi.

An haifi Lorenzo Tio ƙarami a birnin New Orleans na ƙasar Amurka a shekarar 1893. Gidansu gidan busa ne, watau gado ya yi, ba haye ba. Ubansa, Lorenzo babba, da baffansa Louis duk mashahuran mabusa kilarinet ne. Uban ya rasu a 1908 yaron yana da shekara 15, amma kafin nan sana'a ta riga ta zauna a hannunsa.

A lokacin nan ne kiɗan jaz yake tasowa a New Orleans. Makaɗa da yawa da kunne kawai suke aiki, shi kuwa Tio ya haɗa biyu: yana karanta kiɗa a rubuce, yana kuma iya ƙago nasa nan take. Ya yi busa tare da Manuel Perez har Shikago a 1916, sa'an nan ya daɗe cikin ƙungiyar Armand Piron, wadda ta je Niyok a 1923 aka ɗauki kiɗanta a faifai. Fayafayan da ya bari ba su da yawa. Da su kaɗai za a duba, da tuni an manta da shi.

Amma fa a duba almajiransa. Akwai Sidney Bechet, wanda ya yi suna ƙwarai a Faransa har ya rasu can a 1959. Akwai Jimmie Noone, wanda Benny Goodman ya tsinci abubuwa da yawa daga salonsa. Akwai Albert Nicholas da Omer Simeon da Barney Bigard. Tio ba ya barin yaro ya yi gaggawa. Sai ya horar da kunnensa, ya iya karatun kiɗa, ya iya fitar da sauti mai tsabta. Abin sha'awa kuwa shi ne, ko da yake hannu guda ya rene su, kowannensu ya fito da muryarsa dabam.

Shi Barney Bigard ya yi shekara 14 cikin ƙungiyar Duke Ellington. Shi da bakinsa ya nuna cewa wani sashe na karin sanannen kiɗan nan Mood Indigo, na 1930, daga wajen malaminsa Tio ya samo shi. Har ila yau shi ne mabushin kilarinet na Louis Armstrong sa'ad da suka zagayo ƙasashen Afirka a 1960, zuwan da Armstrong ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, a Kaduna. Ashe ke nan koyarwar Tio ta iso ƙasarmu shekara 27 bayan rasuwarsa, gama ya rasu a Niyok cikin watan Disamba na 1933, yana da shekara 40 kacal.

Saboda haka ma'auni biyu ne ga mabushi. Na farko shi ne abin da ya busa, wannan kuwa iska ce, da an tashi taro ta wuce. Na biyu shi ne wanda ya koya wa.

Ku 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, cikinku akwai 'ya'yan gidan algaita da kakaki da farai. In tsohon da ke gida ya kwanta dama ba wanda ya karɓa, take da kirarin da ke kansa sun tafi ke nan. In kun je gida da Sallah, ku kai yaranku su zauna kusa da shi.