Mai Shari'a Mamman Nasir: Lauyan da Sardauna ya Danƙa wa Ma'aikatar Shari'a

Lokacin da mulkin kai ya ƙarato, Jihar Arewa ta duba ta tarar ba ta da lauyoyi daga 'ya'yanta sai ƙalilan. Alƙalai masana littattafan Malikiyya suna nan birjik, amma ofisoshin shari'a na Kaduna suna hannun Turawa. Wannan giɓi ne ya sa gwamnati ta zaɓi wasu samari ta tura su Ingila. Cikinsu akwai Mamman Nasir, ɗan lardin Katsina da aka haifa a 1929, da abokin tafiyarsa Muhammadu Bello. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya taɓa Jami'ar Badun, kana ya zama lauya a Lincoln's Inn ta birnin Landan. A 1956 ya kama aikin lauyan gwamnati.

Bai daɗe ba Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya naɗa shi Ministan Shari'a a 1961, yana ɗan shekara 32. Kujerar kuwa mai ƙaya ce. A 1958 an gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, domin ya duba yadda za a zauna da shari'ar Musulunci da dokar Ingilishi a ƙasa guda. Shawararsu ce ta haifi kundin hukunta laifuffuka da ya fara aiki a 1960, wanda ya karɓe shari'ar laifi daga littattafan fiƙihu, aka bar wa alƙalai aure da gado da sauran mu'amaloli, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Rubuta doka ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce shawo kan dattijon alƙali, wanda ya yi furfura a kan Muhtasar, ya yanke hukunci da sashe da lamba, alhali malamai na zargin an zaftare addini, 'yan NEPU kuma na kukan cewa da kotunan alƙalai da na sarakuna ake murƙushe su. A tsakiyar wannan ja-in-ja ya shafe shekara biyar, kuma ba za a ce kukan 'yan adawa ya yanke a zamaninsa ba.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rushe gwamnatin. Yawancin ministoci sun koma gida, shi kuwa sana'arsa ta riƙe shi. Ya ci gaba da aikin shari'a na gwamnati a Kaduna har aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli a 1975. Da Dan Ibekwe ya rasu a 1978, sai ya bar kujerar Kotun Ƙoli ya karɓi shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba. Shekara 14 ya yi yana jan ragamarta.

A 1992 ya ajiye aiki, Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Shugabancin kwamitin miƙa mulki da ya karɓa a zamanin Janar Sani Abacha ya jawo masa suka, domin shirin ya ƙare da jam'iyyu biyar suna tsayar da mutum guda. Ya rasu ranar 13 ga Afrilu 2019, yana da shekara 89.